Warin Ɗakin Mai Fenti

Tun da ya ajiye aiki, tsohon mai fenti ya zama mutumin gyangyaɗin rana. Bayan azahar yakan zauna a kujerarsa ta gefen taga, rana ta ratso labule ta kwanta masa a gwiwa, idanunsa su fara lumshewa, sai bangon ɗakin ya shiga sauya launi. Wani lokaci ya koma shuɗi irin na wata makaranta da ya fenta yana saurayi. Wani lokaci ya koma ruwan ƙwai, ko kore mai sanyi irin wanda ake shafa wa ɗakunan asibiti. Daga nan sai ya tsinci kansa a saman tsani da gwangwani rataye a hannu, yana jan fenti a wani dogon bango da ba ya ƙarewa, ga marigayiya matarsa a ƙasa ta riƙe ƙafar tsanin tana nuna masa inda ya tsallake.

A duk wannan tafiya akwai nauyi mai ɗumi a kan cinyarsa, wato kyanwarsa. Matarsa ce ta tsinto ta tana 'yar mitsitsiya, shi kuma ya raɗa mata suna Buroshi saboda kaurin jelarta. Da matar ta rasu, ɗansa ya matsa masa ya dawo wurinsu, a saman wani bene da ke kallon titi. Ya yarda, amma ya ce ƙafarsa ƙafar kyanwa. Ɗan nasa direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya, saboda haka yawanci su uku ne a gidan, tsohon da surukarsa, wadda take koyarwa a wata firamare, sai Buroshi, wadda ta yi ƙiba har tumbinta yana share ƙasa, don rabin naman da aka zuba wa tsoho a bakinta yake ƙarewa.

Akwai abu ɗaya da aiki ya ƙwace masa. Shekarun da ya yi yana shaƙar fenti da kananzir sun kashe masa hanci. Ko abinci ya ƙone a tukunya, sai ya ga hayaƙi yake sani. Ya saba da karanta wari da ƙamshi a fuskokin mutane, kamar yadda kurma yake karanta magana a leɓe.

A fuskar surukarsa ya fara ganin abin. Wata rana ta shigo da tire, ta yi sallama, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. Hancinta ya ɗan motsa, ta haɗiye yawu. Ta ajiye tiren, ta wuce ta buɗe taga har ƙarshe.

"Baba, iska ta ɗan shigo muku," in ji ta, idonta a ƙasa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Bai kawo komai a ransa ba. Amma washegari ma ta buɗe tagar. Zanin gadonsa da ake wankewa jifa-jifa ya koma kusan kullum yana kan igiya. Sabon sabulu mai launin ganye ya bayyana a banɗakinsa. Sai ya lura in ta kawo abinci ba ta ƙara tsayawa ta ba shi labarin 'yan ajinsu kamar da. Tana ajiyewa take juyawa, wani lokaci da gefen mayafi a baki, ya ji ta rufe ƙofar banɗakinta ta saki famfo.

Ran nan da safe ya zauna a bakin gado, sai ya ji wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ya ɗaga zanin. Leda ce babba aka shimfiɗa a kan katifar, an soke gefenta a hankali yadda ba za a gani ba. Ya daɗe yana kallonta. Ya mayar da zanin, ya gyara shi da tafin hannu kamar yadda ya same shi. Da ya cire wandon da ya wuni da shi jiya daga jikin ƙusa, ya juya shi a hasken taga, sai ga wani ɗan tabo ruwan ƙasa a wajen cinya. Ya duba matashin kujerarsa, ga wani irinsa. Ya kai wandon hanci ya shaƙa da ƙarfi, bai ji komai ba.

Mahaifinsa ya faɗo masa a rai. Shi ma a ƙarshen rayuwarsa haka aka riƙa shimfiɗa masa leda, ana magana ƙasa-ƙasa a bayan ƙofa, yara suna leƙowa suna komawa. Tsohon mai fenti ya wanke wandon da hannunsa, ya shanya shi a cikin banɗaki inda ba wanda zai gani.

Daga ranar ya shiga tsaron kansa. Ya rage cin abinci, ya rage shan ruwa. Yakan yi wanka da safe, ya sake da rana, ya sake da yamma, har fatar hannunsa ta yi fari tana saɓa. Yakan yi alwala ya tayar da salla, shakka ta kama shi, ya sallame ya koma banɗaki ya duba kansa. Bai taɓa samun komai ba, amma tabon bai daina fitowa a wando ba, sai ya ɗauka abin yana zuwa ne lokacin da barci ya sace shi. Ya fara tsoron kujerarsa. In ya gyangyaɗa, bangon mafarkin nan yana nan, amma launin ya daina kamawa. Duk inda ya ja fenti sai wani ruwan ƙasa ya tsattsafo daga ciki, kamar bangon da danshi ya ci.

A ƙasan benen akwai shagon wani kafinta, tsaransa, inda yakan sauka da yamma su zauna a benci suna kallon motoci suna tsokanar juna. Ya daina sauka. Da kwanaki suka ja, kafinta ya hauro da kansa yana haki, da garin katako a gemu.

"Kai tsohon banza, mutuwa ka yi ba a gaya mana ba?"

"In na mutu ai kai za a fara nema, ka zo ka auna ni."

Kafinta ya yi dariya ya zauna a bakin gado. Ledar ta yi ƙara. Ya yi kamar bai ji ba. Can kuma hancinsa ya motsa, ya dubi ƙarƙashin gado, ya dubi bayan ƙofa.

"Ɓera ya mutu muku a nan ne? Ko kifi ka ɓoye kana ci kai kaɗai?"

Mai fenti ya ce, murya ƙasa, "Tsakaninka da Allah, ni ne?"

Kafinta ya daina dariya. Ya taso ya sunkuya ya shinshina kafaɗarsa, ya shinshina rigarsa. "Kai dai warin sabulu kake yi. Amma daga wajen kujerar nan yake tasowa, gaskiya." Ya koma ya zauna yana murza gwiwa. "To mene ne? Ni ma fa sai na tashi fitsari ba adadi kafin gari ya waye. Jiki ne, ya yi mana aiki ya gaji. Ka sauko kawai, a waje iska ke kwashewa."

Ya faɗa ne don ya sanyaya masa rai, amma da ya tafi mai fenti ya ji kamar an buga hatimi a kan abin da yake tsoro.

Bayan kwana biyu ya ji surukarsa tana waya da mijinta a kicin. Ba saurare ya je yi ba, kofi ya je mayarwa.

"Ni ban san ta inda zan fara gaya masa ba," take cewa. "Kai ne ɗansa. In ka dawo ka lallaɓa shi ku je asibiti. Ya daina cin abinci ma, wallahi tausayi yake ba ni."

Ya juya da kofinsa a hannu ya koma ɗaki. Da faɗa take yi ko ƙorafi, da ya fi masa sauƙi.

Duk wannan bai kai abin da Buroshi ta yi masa ciwo ba. Da ma ya lura ta ɗan sauya. Takan zauna ta murɗe jiki tana lasar ƙarƙashin jelarta ba ƙaƙƙautawa. Takan daɗe tsugune a bahon yashin da take kashi a ciki, ta fito ta koma. Wata rana ya shafa bayanta har hannunsa ya kai gindin jela, sai ta juyo ta kafa masa haƙori, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga nan ta daina hawa cinyarsa. Ya kira ta, ya yi mata 'yar ƙarar da yake yi da leɓe, ya miƙa mata tsokar nama, ta dube shi daga ƙarƙashin gado da idanunta masu ruwan zuma ta kawar da kai.

"Har ke?" in ji shi. "To shi ke nan."

A ranar ya yanke a ransa cewa in ɗansa ya dawo zai roƙe shi ya nema masa ɗan ɗaki a wani wuri, inda ba zai takura wa kowa ba.

Ranar da abin ya fashe, rana ce mai lumshi, hadari ya taru bai zubar ba. Yunwa da gajiya suka haɗu, barci ya ɗauke shi a kujera. Ya ga kansa a wani gida da ba rufi, ɗakuna a jere, kowanne da launinsa, yana bi yana neman inda ya ajiye gwangwaninsa. Daga can ƙuryar gidan wani abu yana kuka siriri, kamar ƙofar da ta rasa mai. Yana matsawa kukan yana nisa. Matarsa ta wuce ta gabansa da ƙwaryar ruwa a hannu, ba ta dube shi ba, ta ce, "Ba ka ji ana kiranka?"

Ya buɗe ido. Kukan bai tsaya ba. Buroshi ce a tsakiyar ɗaki, ta zauna ta miƙe ƙafafun baya tana jan gindinta a kan darduma, tana barin wani layi na jini da ruwan ƙasa a bayanta. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya lulluɓe ta da tawul don kada ta yakushe shi, ya ɗaga jelar a hankali. A gefen duburarta gashin ya jiƙe ya manne, wurin ya kumbura ya yi ja, ga wani ɗan rami yana fitar da mugunya.

"'Yar nan," ya kira. "'Yar nan, zo ki taimake ni."

Ta shigo da sauri da jan biro a hannu, da alama makin yara take yi. Ta ga jinin, ta dube shi, sannan ta ga kyanwar. Ta toshe hanci da mayafi, amma ba ta fita ba. Ta ɗauko kwandon wanki, suka shimfiɗa tawul, suka sa Buroshi ciki suka rufe da wani zane. A ƙasa kafinta ya tsayar musu da tasi ba tare da ya tambayi komai ba.

Asibitin dabbobin wani ɗan wuri ne a bayan kantin magani. A ɗakin jira akwai wani mutum da zomo a kwali, da wata mata riƙe da igiyar kare mai bandeji a kunne. Mai fenti ya zauna da kwandon a cinya, yana jin ɗumin kyanwar ta cikin tawul. Ya lura wanda ya fenta bangon bai kankare tsohon fentin ba, ga shi nan yana tashi a kusurwa. Ya yi ta kallon wurin har aka kira su.

Likitar mace ce mai ɗan jiki, da tabarau a saman goshi. Ta sa safar hannu, ta ɗora Buroshi a kan teburin ƙarfe, ta ɗaga jelar ta duba.

"Jakar wari ce ta toshe ta fashe," in ji ta. Da ta ga bai gane ba sai ta nuna masa da yatsa. "Baba, kowace kyanwa tana da wasu 'yan jakunkuna biyu a nan, dama da hagu na dubura, kowacce ba ta wuce ƙwayar wake ba. Wani ruwa suke tarawa mai ɗan karen wari. In ta yi kashi mai tauri, sai ya matse su ruwan ya fita kaɗan-kaɗan, da shi take sa wa wurinta alama. To in kashin ya yi laushi, ko ta yi ƙiba irin wannan, sai su ƙi zubarwa. Ruwan ya yi kauri, ƙofar ta toshe, ƙwayar cuta ta shiga, ya zama ƙurji. Ta dama ta fashe. Ta hagu ma ga ta a cike."

Ta yi wa kyanwar allura, suka jira har jikinta ya saki, kanta ya kwanta a kan tawul. Ta aske gashin wurin, ta wanke ramin da wani ruwa a sirinji har ya daina fitar da datti. Sannan ta ɗauki auduga ta matsa ɗaya gefen. Wani abu ruwan ƙasa mai kauri ya fito. Mai fenti ya dube shi da kyau. Ya yi shekaru yana haɗa launi da ido, ba ya manta kala in ya gan ta sau ɗaya. Wannan ita ce kalar tabon wandonsa.

"Likita," in ji shi. "Wannan abin, yana iya zuba a kan kaya?"

"Sosai. Kafin ya toshe gaba ɗaya yakan riƙa ɗiga duk inda ta zauna. Gado, kujera, cinyar mutum in mai hawa cinya ce. Ai na yi mamaki da ba ku kawo ta tun tuni ba. Warin nan kamar ruɓaɓɓen kifi, ba ya ɓuya. Ya daɗe a gidanku, ko?"

Mai fenti ya kafa ido a kan teburin. Surukarsa ta kafa nata a kan takalminta. Can sai ta dafe baki ta fita da gudu, suka ji ta a bakin famfon waje.

Likitar ta bi ta da kallo ta cikin taga, ta yi murmushi. Da surukar ta dawo tana goge fuska, likitar ta ce, "Sannu. Masu juna biyu ba sa shiri da warin nan, hancinku ya fi na kowa. Kuma daga yau ki bar wa wani kwashe yashin kyanwa har ki sauka lafiya."

Surukar ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Mai fenti ya juya ya shiga nazarin wani hoton karnuka da ke manne a bango, kamar an ce za a yi masa tambaya a kansa. Kunnuwansa sun ji, amma ya bar su a matsayin ba su ji ba. A ransa kuwa murna ce fal, ashe jika ke tafe.

Aka ba su maganin kashe ƙwayar cuta da na rage zafi, aka ɗaura wa Buroshi wata roba a wuya mai kama da mazurari don kada ta lashi ciwon. Likitar ta ce a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi safe da yamma, a sauya mata abinci zuwa wanda zai ɗaure mata kashi, a daina ba ta nama daga kwano.

"Kuma ta riƙa motsi," in ji ta. "Wannan ba kyanwa ba ce, matashin kai ce."

A cikin tasi ruwan sama ya fara sauka. Fitilun motoci suka narke a jikin gilashi, ja da ruwan lemo suna gangarowa. Da suka yi nisa surukar ta yi magana, fuskarta a wajen taga.

"Baba, ku yafe mini."

"Me kika yi?"

"Na yi zaton..."

"Ni ma na yi zaton," in ji shi. "Har na fi ki. Ke da kika yi zaton, wanki kika ƙara. Ba ki taɓa ɗaure mini fuska ba."

Ta share ido da gefen mayafi. Sai kuma wata dariya ta kuɓuce mata, ta yi ƙoƙarin danne ta ta kasa. Shi ma kafaɗunsa suka fara rawa. Direban tasi ya dube su ta madubi.

Da suka isa gida ya ce mata yunwa yake ji. Ya cinye abin da ta zuba masa, ya nemi ƙari, ya sha ruwa kofi bayan kofi. Kafin ya gama ta shiga ɗakinsa ta fito da wani abu mai ƙarar leda a dunƙule a bayanta, ta wuce da shi kicin. Bai tambaya ba. Matashin kujera da darduma kuwa kafinta ne ya sauke su washegari aka wanke a bakin shago, yana yi yana sanar da duk wanda ya wuce cewa kyanwa ta yi ɓarna an kama tsoho.

Ciwon ya ɗauki lokaci kafin ya rufe. Safe da yamma mai fenti yakan jiƙa tsumma a ruwan ɗumi, ya gwada a bayan hannunsa, ya riƙe shi a gindin jelar Buroshi yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Da farko takan yi gurnani ta nemi tserewa, mazurarin wuyanta yana karo da ƙafar gado. Daga baya ta saba, har takan lumshe ido. Maganin ne ba ta taɓa yafe masa ba, kullum sai an yi kokawa. Da ɗansa ya dawo daga tafiya da shirin lallashi da maganar asibiti a bakinsa, ya tarar da mahaifinsa durƙushe yana ɗura wa kyanwa magani, da yakushi a hannu. Matarsa ta ja shi kicin ta yi masa bayani, sai aka ji dariyarsa har ƙasan bene.

Maganar motsi ce ta rage. Surukar ta ɗaura wani ƙyalle a bakin zare ta ba shi. Da la'asar, in rana ta yi sanyi, sai ya fito dogon barandan benen yana tafiya a hankali yana jan zaren a bayansa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna gaishe shi. Buroshi takan kwanta a bakin ƙofa, ta bi ƙyallen da ido in ya wuce, ta bi shi in ya dawo, ba ta ko ɗaga ƙafa.

"Baba, ku ne fa kuke ramewa, ba ita ba," in ji surukar daga taga.

"Bar ta, tana nazari ne," in ji shi, ya juya ya sake ɗaukar hanya.